Sunan da Na Karanta da Bakina

Zuwa ga Mai Girma Daraktan jaridar Muryar Fako,
Tawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da aiki, ku da duk masu taya ku, da fatan kun ga damina lafiya. Mu a nan alhamdu lillahi, ruwa ya kyautata daga baya, hatsi ya fara nuna, har an fara gasa tumu a bakin gona.

Ni ne Sha'aibu, tsohon malamin yaƙi da jahilci, mai karanta wa mutane jaridarku a wani ƙauye na ƙasar Kalfu. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, in kun bi takardar nan har ƙarshe za ku gane dalili. Rubutuna ba baƙo ba ne gare ku, don wasiƙuna uku kuka taɓa bugawa: ɗaya kan rijiyarmu da ta rufta, ɗaya kan hanya, ta ukun kuwa ita ce sanadin wannan. Ban so maganar ta fito bainar jama'a ba. Sau biyu na hau mota na zo Tawa takanas. Zuwan farko na tarar da biro, wato ofishinku, a rufe, gari duk ana yajin aiki. Zuwa na biyu aka ce kun tafi Yamai neman takardar bugu. Na bar wasiƙa wurin mai gadi, har yau shiru kake ji. Da na zauna na yi tunani sai na ga tunda a fili aka yi ɓarnar, gara gyaran ma a yi shi a fili.

Kafin in shiga ƙorafi, bari in gaya muku yadda ake karanta jaridarku a wurinmu, don na lura ku na birni kuna zaton kowa saye yake ya shiga ɗaki ya karanta abinsa shi kaɗai. Mu ƙwaya ɗaya tak ke zuwa mana, a naɗe, an ɗaure ta da zare, direban motar kasuwa ke sauke ta in ya tuna. Ranar da ta zo, bayan azahar, maza su taru gindin dogon yaron da ke gaban masallaci, ni in tsaya in karanta da ƙarfi. Mutum arba'in, wani lokaci fiye, mata kuma suna kasa kunne ta bayan darni. Ke nan abin da kuka buga ba ido ke ganinsa ba a nan, kunne ke jinsa, kuma ana ji ne kowa yana kallon fuskar kowa.

Akwai kuma doka. Bayan an gama Taron Ƙasa jam'iyyu suka shigo ƙauye, kowa ya kafa tutarsa a kan rumfa, sai zargi ya taso. Wannan ya ce ina haɗiye labarin jam'iyyarsu, wancan ya ce ina ƙara wa na tawa gishiri, ni da ko katin jam'iyya ban taɓa yanka ba. Saura kaɗan karatun ya watse. Wanda ya ɗinke ɓarakar wani dattijo ne, aminin marigayi mahaifina, wanda zan kira Baba a takardar nan, kamar yadda nake kiransa tun ina ƙarami. Shi ya ce daga ranar kada a ƙara kwance jarida sai a gaban jama'a. Shi zai yanke zaren da wuƙarsa, ni kuma in karanta daga layin farko zuwa na ƙarshe, ban leƙa gaba ba, ban ƙara ba, ban tsallake ba. Har tallan maganin ƙwari nake karantawa, har sunan maɗaba'a da ke can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Aka yi dariya, aka amince, kuma shekara shida ba a sake jin kaina da kowa ba.

Baba bai yi lakkwal ba, bai taɓa shiga ajin boko yana yaro ba. Lokacin da na buɗe ajin yaƙi da jahilci maza suka noƙe, kowa yana jin nauyin a gan shi da gemu yana haɗa baƙi. Shi ya fara zuwa, ya zauna a sahun gaba da furfurarsa, sannan sauran suka biyo. Rani biyu ya yi yana zuwa, abin da ya fita da shi sunansa ne kawai: yana iya rubuta shi, yana iya tsinto shi ko a cikin rubutu nawa aka ɓoye shi. In na matsa masa ya ƙara wani abu, sai ya ce wannan ya ishe shi, tunda ko a lahira ba za a tambaye shi sunan wani ba. Gidansa na nan dab da dogon yaron, darninsa bai wuce taku ashirin daga inda nake tsayawa ba. Duk ranar karatu shi ke fara shimfiɗa buzunsa, kuma shi ke tashi na ƙarshe, bayan ya gama yi wa 'yan siyasar da ke cikin jaridar gyara kamar suna jin sa.

To, ga ƙorafina, zan jera shi don kada in rikita muku.

Na farko: abin da na aiko muku. Kun san yadda kakar bara ta kasance a arewacin Adar, ba sai na tuna muku ba. Ruwa ya ɗauke hatsi na fidda kai, wanda ya saba ɗaure dami ɗari bai ga ashirin ba. Kafin a yi shukar bana mata sun fara tafiya daji neman anza da ganyen tafasa. Sai na rubuto muku wasiƙa kan halin da ake ciki, shafi ɗaya, babu sunan kowa, na roƙi ku buga. Na haɗa da wata takarda dabam da na yago daga kaye, littafin rubutuna, mai ɗauke da sunayen magidanta goma sha ɗaya waɗanda rumbunsu ya ƙare ƙaf. A samanta na rubuta da bik mai jan tawada, na ja layi biyu a ƙasa, cewa wannan ba ta bugawa ba ce, ku miƙa ta da hannu ga ma'aikatar da ke rabon taimakon abinci, tunda ku kuna da fuska a can, ni ba ni da ita. Daga bironku zuwa ma'aikatar bai kai tafiyar da nake yi zuwa gonata ba, na auna da ƙafata ranar da na zo.

Wataƙila ku tambaya ina na samo sunayen. Ba wanda ya ba ni nasa. A wurinmu magidanci zai iya gaya maka jakinsa ya mutu, zai iya gaya maka ɗansa ya ƙi shi, amma ba zai buɗe baki ya ce rumbunsa ya ƙare ba. Zai wanke rigarsa, ya fito masallaci, ka gaishe shi ya ce lafiya lau. Mata ke sanin gaskiya, kuma da kunne suke saninta. Gidan da aka wayi gari ba a ji turmi ba, an san abin da ake ciki. Matar Baba, wadda muke kira Inna, ta san haka sarai, saboda haka kullum da safe takan zuba ƙaiƙayi a turmi ta yi ta daka don maƙwabta su ji. Wata uku tana wannan aiki, tsohuwa mai ciwon kafaɗa. Mu maza muka ji daka muka ce gidan Baba lafiya. Mata kuwa kunnensu ya san bambancin turmin hatsi da turmin ƙaiƙayi, amma ba wadda ta ce uffan. Sai dai yau wannan ta aika da ƙwaryar fura ta ce a ɗanɗana mata ko ta yi tsami. Gobe waccan ta kai tiyar hatsi ta ce Inna ta taimaka ta surfa mata, sannan ta manta ba ta koma karɓa ba. Da haka gidan ke rayuwa. Baba yana ci, ko ya sani ko bai sani ba, ba wanda ya tilasta masa ya nuna ya sani. Mai ɗakina na cikin masu kaiwa. Ita ta gaya mini, magana ta tsakanin mata da miji, ni kuma na ɗauka na sa a takarda.

Na biyu: abin da kuka buga. Jaridar ta iso mana ranar kasuwa, mako uku bayan fitowarta, kamar dai yadda ta saba. Ranar an cika fiye da kullum, har baƙi 'yan kasuwa sun tsaya, har da surukin Baba da ya zo daga wani ƙauye sayar da akuya. Baba ya yanke zare ya miƙo mini. Shafin farko siyasa ce, na biyu farashin dabbobi a kasuwar Tawa. A shafi na uku na ga wasiƙata. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya yi fari, na gyara murya, har ina satar kallon mutane in ga ko sun gane rubutun ɗan garinsu ne. Na kai ƙarshen abin da na san na rubuta, sai na ga baƙi bai ƙare ba. Kun ɗora sunayen a ƙasa, a jere, kowane da lambarsa, da manyan baƙaƙe, ƙarƙashin wani kan magana mai cewa ga gidajen da yunwa ta kama.

Na tsaya. Idona ya riga bakina, na hango na bakwai. Na yi tari, na juya takardar kamar iska ce ta kaɗa ta, na ce wurin ya goge. Baba da kansa ya ɗaga kai ya tuna mini doka, ya ce ba a tsallake, ko ya goge a karanta abin da ya saura. Mutane suka yi dariya, suna cewa yau Baba ya kama Malam. Ni kuma, Mushe Darakta, ranku ya daɗe, na karanta. Ɗaya bayan ɗaya na kira su, kowa da sunan ubansa, kowa kuma yana zaune a gabana. Dariyar ta mutu tun a suna na biyu. Da na kira na bakwai ban ɗaga ido ba.

Ba a yi hayaniya ba, da ma an yi, da ya fi mini sauƙi. Baba ya miƙo hannu, na ba shi jaridar. Ya matsar da ita nesa da idonsa kamar yadda yake yi a aji, ya bi layukan da yatsa a hankali, har ya tsaya a kan kalmar nan guda da na koya masa. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya mayar mini da hannu biyu, ya ce in ci gaba, akwai sauran shafi. Ya naɗe buzunsa ya shiga gida, ya bar wuƙar a ƙasa inda ya ajiye ta. Sauran goman suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, baƙi suka koma wajen kayansu. Shafi na huɗun har yau ban san abin da ke cikinsa ba.

Na uku: abin da ya biyo baya. Washegari ba a ji turmin Inna ba, kuma ba a sake jinsa ba, don ba sauran abin rufewa. Baba ya kafa doka a gidansa, ko ƙwaryar ruwa kada ta shigo daga gidan wani. Furar ɗanɗano ta koma inda ta fito, hatsin surfe ya koma, duk hanyoyin da mata suka ɓata wata uku suna shimfiɗawa suka toshe rana ɗaya. Ya kai ragonsa guda kasuwa a lokacin da dabba ba ta da daraja, suka ci abin da aka samu, suka koma anza. Inna ta kwanta mako biyu, mata suna zuwa dubiya hannu sake, don sun san ko me suka riƙo za a mayar.

Masallaci kam Baba yana zuwa, amma sai an tada iƙama, kuma ana sallamewa ya fice. In na gaishe shi yana amsawa, cikakkiyar amsa, har ya tambayi iyali. Sai dai akwai wani suna da yake kirana da shi tun ina rarrafe, wanda ba mai kirana da shi sai shi tun rasuwar mahaifina. Bai sake faɗinsa ba. Malam yake ce mini yanzu, kamar kowa. Sau uku na je zaurensa. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, muka yi maganar ruwa, muka yi maganar fara, da zarar na ɗauko abin da ya kawo ni sai ya dubi rana ya ce lokacin sallah ya yi. Da zagina ya yi, ko ya kore ni, da na san inda zan kama in ba da haƙuri.

Jaridarku kuma ba ƙauyenmu kaɗai take zuwa ba. An karanta ta a Bambeye, an karanta ta a tashar Tawa, surukin nan ya kai labarin garinsu da bakinsa. Har Sakkwato wani direba ya kai wa babban ɗan Baba, wanda ke ɗinki a can. Ya taso ya zo idonsa jawur, don abokan sana'arsa sun fara yi masa kallon wanda ya bar ubansa da yunwa, alhali duk saƙon da ya aiko yana tambaya, lafiya lau ake mayar masa. Ya rantse ba zai bar su a nan ba. Da a da ne Baba zai yi masa tsawa ya koma. Wannan karon ya amsa. Ya riga ya damƙa gonarsa hannun ɗan ƙanensa, ya ce da an gama ɗaurin hatsi zai bi ɗansa, shi da Inna, kuma bai yi maganar dawowa ba. Mutumin da ko a manyan shekarun yunwa bai taɓa fita cin rani ba, wanda ya binne iyayensa da 'ya'ya huɗu a ƙasar nan, yau zai je ya ƙare kwanansa a ɗakin haya. Yunwa ba ta tashe shi ba, ta gwada ta gaji. Layi ɗaya a shafi na uku ne ya tashe shi.

Karatun ma ya tsaya. Jarida biyu ta zo tun daga ranar, ga su nan a ɗakina a ɗaure yadda direba ya sauke su. Na farkon na kai ta gindin dogon yaro, mutum shida suka zo, na miƙa wuƙar Baba, kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya yarda ya karɓa. Ta biyun ban ma fito da ita ba. Yanzu in mutum ya hango ni da takarda a hannu sai ya sauya magana, har da masu zuwa a da in rubuta musu wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu a Abijan.

Na huɗu, kuma wannan hakkinku ne in faɗa: taimako ya zo. Bayan mako biyu kamiyo, babbar motar kaya, ya shigo da buhunan dawa, kuma an ce labarinku ne ya motsa manya. Na san abin da za ku ce. Za ku ce manya sun gaji da jin ana yunwa a ƙauye, ba sa motsi sai sun ga suna. Ban ƙaryata ku ba. Gidaje goma sun karɓa, sun ci, yaransu sun miƙe. Biyu daga cikinsu ma sun ce in gode muku, ga shi na isar. Amma sunayen nan za su yi aikin da suka yi ko a cikin ambulan suke, tunda mai sa hannu mutum ɗaya ne, ba sai duk Adar ta ji ba. A ƙofar mai gari aka yi rabon, ma'aikacin yana riƙe da jaridarku yana kira daga cikinta. Sau uku ya kira na bakwai. Buhun Baba na nan a zauren mai gari har yanzu, ƙwari sun fara shigarsa. Ba wanda ya isa ya kai masa, ba wanda zai iya ci.

Na biyar: laifina. Ba zan ɗora muku kayan duka ba, don ba ku kaɗai kuka ɗaure shi ba. Na ɗauki maganar da mai ɗakina ta ba ni amana na kai inda ba ta aike ni ba. Yanzu mata sun daina magana in ta iso rijiya, ita kuma ta daina gaya mini komai da ya wuce abinci ya sauka, kuma tana da gaskiya. Na rubuta sunan mutane ban tambaye su ba, don na san in na tambaya za su ƙi, sai na yanke cewa ni mai boko na fi su sanin abin da zai amfane su. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne karatun. A wurin nan ba mai iya bin layi da sauri sai ni. Da na ninke jaridar na ce yau ba zan ƙarasa ba, a yi duk abin da za a yi, da an zage ni kwana biyu an manta. Ko da labarin ya iso daga baya ta wata hanya, da ba a gaban idon Baba ba, ba a gaban surukinsa ba, kuma ba da bakina ba. Na ji tsoron a ce Malam ya karya doka, a ce ashe dama yana tsallake. Na tsare nawa mutuncin, na bar nasa ya zube. Shekara shida ina tinƙaho ban taɓa tsallake layi ba, yau kuwa da za a mayar da ni ranar, layin nan zan tsallake in yi ta istigfari har ƙarshen rayuwata.

Ban rubuto don in ɓata jaridarku ba, Mushe Darakta. A cikinta muka fara jin yadda ake jefa ƙuri'a, a cikinta muka ji abin da ya sa sabulu da kananzir suka yi tsalle da aka karya darajar sefa, da harshenmu, ba sai an juya mana daga Faransanci ba. Na san wahalarku, na ga shafi takwas ya koma huɗu, na ga takardar tana ƙara baƙi. Wataƙila ma ba ku ne kuka haɗa shafin ba. Wataƙila wanda ya haɗa a birni ya tashi, bai taɓa kwana a gidan da ake dakan ƙaiƙayi ba, ya ga jan bik ya ɗauka ado ne. Ban sani ba, tunda ba ku gaya mini ba.

Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, ku buga takardar nan yadda take a fitowa mai zuwa. Kada ku ƙara sunan ƙauye, kada ku ƙara sunan kowa, kada kuma ku rage sashen laifina don ku tausaya mini.

Biyu, ku sa layi biyu ko uku naku a ƙarƙashinta, da kalmominku, kuna neman gafarar gidaje goma sha ɗayan nan. Ba sai kun yi dogon bayani ba. Ku dai faɗi cewa ba su suka kai kukansu ba, ba su roƙi kowa ba, kai musu aka yi ba da saninsu ba. Wannan ita ce maganar da nake so a ji a Bambeye da tashar Tawa da Sakkwato, duk inda aka ji ta farkon.

Uku, daga yau duk abin da ya zo muku daga ƙauye da sunan mutum a ciki, ku nemi wani wanda ya tashi a ƙauye ya duba kafin a buga. Ku tuna cewa mai sunan yana zaune a gaban mai karatun.

Huɗu, in hali ya yi ku zo da kanku. Kada ku zo da buhu, kada ku zo da abin ɗaukar hoto. Ku zo dai ku yi sallama a ƙofar dattijon, ku zauna a tabarmarsa, ko maganar ruwa kawai za a yi.

Biyar, kuma shi ne mai gaggawa: kada ku bar jaridar ta yi mako ukun da ta saba yi a tasha. Ku damƙa ta hannu da hannu ga direban motar kasuwa ranar da ta fito. Hatsi ya nuna, an fara wasa magirbi, abin da ya rage mana bai wuce kasuwa huɗu ba. In ta iso, zan ɗauke ta a ɗaure yadda take, da wuƙar, in je ƙofar Baba in roƙe shi ya yanke zaren. In ya ƙi, zan yanke da kaina, in tsaya inda na tsaya ranar nan, ko mutum ɗaya bai zo ba, in karanta daga layin farko zuwa na ƙarshe ban tsallake ba. Taku ashirin ne, muryata tana kaiwa. Ban ce zai fasa tafiya ba. Ina dai so kafin ya hau mota ya ji, da bakin da ya kira sunansa, cewa mun san abin da muka yi masa.

In kuwa kun ga ba za ta iso ba sai an gama ɗaurin hatsi, to kada ku wahalar da direba. Ku bar ta nan Tawa, don ba sauran mai yanke mata zare a garinmu.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya sa albarka a alƙalaminku, Ya sauƙaƙa muku wahalar zamanin nan. Allah Ya cika rumbunku, in kuma wata rana ya yi ƙasa, Ya haɗa ku da maƙwabta masu jin ƙarar turminku su yi shiru. Allah Ya rufa muku asiri, ku da iyalinku.

Wassalam.

Naku,
Sha'aibu, mai karatun jarida,
daga ƙasar Kalfu, ƙarshen damina.